BABI NA UKU: ƁANGARORI BIYU NA ƘWAƘWALWA DA CUTUTTUKAN DA KE CIN TA SANNU A HANKALI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo sunayen da al'ummar ƙasar Bici ke bai wa larurorin tsufa, irin su gigin tsufa da ruɗewa da makyarkyata da shanyewar ɓarin jiki. A wannan babi kuwa za a dubi inda waɗannan larurori ke tasowa, wato ƙwaƙwalwa. Za a yi bayanin ɓangarorinta biyu da aikin kowanne, sannan a nuna yadda cutar da ta fara cin ɓangaren hagu ke bayyana daban da wadda ta fara cin ɓangaren dama. Manufar ita ce a tabbatar da cewa iya magana ba shi ne ma'aunin lafiyar hankalin tsoho ba. Akwai wanda bakinsa ya mutu amma hankalinsa na nan, akwai kuma wanda bakinsa ke zuba amma tunaninsa ya riga ya taɓu.

3.1 Tsarin Ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwar baligi ba ta cika wuce nauyin kilo ɗaya da rabi ba, amma an ƙiyasta tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Idan aka dube ta daga sama za a ga wani tsagi ya raba ta gida biyu tun daga goshi har zuwa ƙeya, kamar yadda ƙwayar gyaɗa ke darewa biyu. A ƙarƙashin wannan tsagi akwai wata gada ta zaruruwan jijiya kimanin miliyan 200, wadda ta nan ne ɓangarorin biyu ke aika wa juna saƙo.

Abu na farko da ya kamata a riƙe shi ne, kowane ɓangare yana sarrafa gefen jikin da ke ɗaura da shi ne, ba nasa gefen ba. Dalili kuwa shi ne yawancin jijiyoyin motsi suna gittawa a gindin ƙwaƙwalwa kafin su gangara cikin laka. Ke nan hannun dama da Bahaushe ke cin tuwo da gaisawa da shi, ɓangaren hagu ne ke motsa shi. Haka kuma idan aka ga ƙafar hagu ta fara jan ƙasa, to a ɓangaren dama za a nemi matsalar.

3.2 Yadda Aka Gano Bambancin

A shekarar 1861 wani likitan Faransa mai suna Paul Broca ya duba wani majinyaci da ya shafe shekaru ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya, alhali yana gane abin da ake faɗa masa. Bayan mutuwarsa aka buɗe kansa aka tarar da lahani a gaban ɓangaren hagu. Da irin waɗannan majinyata suka yawaita, sai Broca ya bayyana a 1865 cewa da ɓangaren hagu ake magana. A 1874 kuma Carl Wernicke na Jamus ya gano wani wuri a bayan wancan, daidai saman kunnen hagu, wanda idan ya lalace mutum zai riƙa zuba magana ba gargada, amma maganar ba ta da kan gado, shi ma kuma ba ya fahimtar ta mutane.

Ɓangaren dama ya daɗe ana ɗaukarsa tamkar ɗan rakiya. Wannan fahimta ta sauya ne musamman bayan binciken Roger Sperry da ɗalibinsa Michael Gazzaniga a Amurka, daga farkon shekarun 1960. Sun yi nazarin masu farfaɗiya mai tsanani waɗanda aka yanke musu gadar nan domin rage faɗuwa. Sai aka ga idan aka sa wa irin wannan mutum cokali a hannun hagu ba tare da ya gani ba, ba zai iya faɗin sunansa ba, amma zai iya lalubo shi daga cikin tarkace. Wato ɓangaren dama ya san abin, baki ne kawai ba shi da shi. Wannan aiki ya sa aka bai wa Sperry kyautar Nobel a 1981.

3.3 Rabon Aiki Tsakanin Hagu da Dama

A taƙaice, ayyukan da suka fi karkata ga ɓangaren hagu sun haɗa da:

(a) nemo kalma da furta ta;
(b) gina jimla da fahimtarta;
(c) karatu da rubutu da ƙididdiga;
(d) jeranta motsin hannu, kamar ɗaura rawani ko saƙa faifai.

Waɗanda suka fi karkata ga ɓangaren dama kuwa su ne:

(a) gane fuskokin mutane;
(b) sanin wuri da hanya da tazara;
(c) karanta fushi ko murna a fuska da murya;
(d) gane habaici da zaurance da barkwanci;
(e) lura da abin da ke gefen hagu na jiki da na muhalli.

Kimanin kashi 95 cikin ɗari na masu amfani da hannun dama, a hagu cibiyar maganarsu take. Ko a cikin bahagwai ma, kusan kashi 70 haka abin yake. Saboda haka al'adar nan ta hana yaro bahago cin abinci da hagu tana sauya hannun da yake miƙawa ne kawai, ba ta juya masa ƙwaƙwalwa.

Akwai wani batu da ya shafi Hausa kai tsaye. Hausa harshe ne mai karin sauti, inda hawa da saukar murya ke bambanta ma'ana, kamar tsakanin kuka na hawaye da kuka ta miya, ko wuya na jiki da wuya ta wahala. Binciken da Jack Gandour ya yi a kan masu magana da harshen ƙasar Tailan, wanda shi ma mai karin sauti ne, ya nuna cewa karin da ke bambanta kalma da kalma ya fi lalacewa idan ɓangaren hagu ya samu rauni. Karin da ke nuna fushi ko lallashi ko gatse kuwa ya fi dogara ga dama. Ke nan murya ɗaya ce, amma aikinta biyu, kowanne da inda ya fi ƙarfi.

Sai dai kada a wuce gona da iri. Maganar da ta yaɗu cewa wai akwai masu tunani da hagu da masu tunani da dama ba ta da tushe. Wani nazari da aka yi a Jami'ar Utah a 2013 a kan hoton ƙwaƙwalwar mutum fiye da 1,000 bai sami irin wannan rabuwa ba. Kowane aiki ɓangarorin biyu ne ke yinsa tare, ɗaya ne dai ke jan ragama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

3.4 Bambancin Shanyewar Ɓarin Jiki da Cutar da ke Ci Sannu

Kafin a ci gaba, wajibi ne a rarrabe abubuwa biyu da jama'a kan haɗa. Shanyewar ɓarin jiki tana aukuwa ne farat ɗaya, idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, galibi sanadiyyar hawan jini. Mutum ya kwanta lafiya, ya wayi gari baki ya karkace. Cututtukan da wannan babi ya ƙunsa kuwa ba su da ranar farawa. Wasu sinadaran furotin ne ke taruwa ba bisa ƙa'ida ba a cikin ƙwayoyin jijiya ko a kewayensu, ƙwayoyin su riƙa mutuwa kaɗan-kaɗan cikin shekaru, wurin ya tsotse. Idan aka tambayi iyali yaushe abin ya fara, sai a ji sun ce, "Ai tun wajen kakar bara waccan muka fara lura."

Abin lura shi ne, duk da cewa daga ƙarshe waɗannan cututtuka kan mamaye ɓangarorin biyu, da yawansu daga gefe ɗaya suke somawa. Gefen da suka soma kuwa shi ke tantance alamar da iyali za su fara gani, da kuma sunan da za su raɗa wa larurar.

3.5 Cutar Parkinson

James Parkinson, likita a birnin Landan, shi ya bayyana wannan cuta a 1817. Tana samuwa ne idan ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin a can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa suka ƙare. Alamominta su ne makyarkyatar hannu yayin da yake a ajiye, da sanƙarewar gaɓoɓi, da nawar motsi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita sun haura miliyan 8.5 a 2019. A Kano ma likitocin jijiya sun wallafa nazari a kan majinyatan da suka gani da ita a 2012.

A nan ne bambancin gefe ya fi fitowa fili. Ma'aunin da Hoehn da Yahr suka tsara a 1967 ya sanya matakin farko na cutar a matsayin lokacin da alamomi ke gefe ɗaya kawai, kuma gefen da ya fara yakan ci gaba da fin ɗayan tsanani. Hasali ma, farawa a gefe ɗaya na cikin abubuwan da likita ke dubawa domin bambanta ta da wasu cututtuka masu kama da ita. An kuma lura cewa a kusan kashi 60 na masu amfani da dama, gefen daman ne ya fi taɓuwa.

Ga manomin ƙasar Bici wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda abin ya fara masa a dama, nan da nan zai ga fartanya ta gagare shi, loma na zubewa, sai a tashi neman magani. Wanda ya fara masa a hagu kuwa yana iya yin shekara yana lallaɓawa, ana cewa sanyin ƙashi ne. Haka kuma cutar kan daskarar da fuska ta rage ƙarfin murya. Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma a nan fuskar ba ta faɗin gaskiya. Sau da yawa akan zaci tsohon yana fushi ne ko ya daina gane mutane, alhali a shekarun farko hankalin yawancinsu garau yake. Maganin levodopa, wanda ya shigo tun ƙarshen shekarun 1960, yana sassauta alamomin ƙwarai, ko da yake ba ya tsayar da cutar.

3.6 Idan Cuta ta Fara Cin Hagu

A 1892 Arnold Pick ya bayyana wani tsoho a birnin Prague wanda maganarsa ta riƙa lalacewa a hankali, aka kuma tarar gefen hagu na ƙwaƙwalwarsa ya fi tsotsewa. A 1982 Marsel Mesulam ya kawo bayanin majinyata shida da magana kaɗai ta riƙa kuɓuce musu tsawon shekaru, ba tare da sauran tunaninsu ya rushe ba. Daga nan aka amince cewa wannan larura ce mai zaman kanta, kuma hoton ƙwaƙwalwa ya tabbatar da cewa yankin magana na hagu take ci.

Alal misali, a ɗauki dattijo mai shekara sittin da 'yan kai da ke kai amfanin gona kasuwar Badume. Da farko sunayen abubuwa ne za su fara ɓace masa, ya riƙa cewa "abin nan" a maimakon lauje ko mangala. Bayan shekara biyu jimlarsa ta gajarce, ya daina shiga hira a dandali. Amma har yanzu ya san iyakar gonarsa, ya san wanda yake bi bashi, yana gane jikokinsa, yana kuma jin kunyar halin da yake ciki. Abin da kan ɗaure wa iyali kai shi ne, mutumin da ya kasa cewa a ba shi ruwa sai a ji ya amsa sallama ko ya karanta Fatiha tiryan-tiryan. Wasu kan ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa shafar aljanu ce, ko kuma da gangan yake ƙin magana. Alhali tun a ƙarni na 19 likitan Ingila Hughlings Jackson ya lura cewa maganar da aka haddace, kamar gaisuwa da ƙirga da addu'a, takan tsira bayan maganar da ake ƙirƙira a take ta lalace, domin ba hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa ba.

Haɗarin da ke kan irin wannan dattijo shi ne a yanke masa hukuncin gigin tsufa tun hankalinsa bai tafi ba, a daina shawara da shi a kan auren 'yarsa ko jinginar gonarsa, yana ji yana gani.

3.7 Idan Cuta ta Fara Cin Dama

Akasin haka ke faruwa idan cutar ta fi ƙarfi a gaban ɓangaren dama, wato wajen goshi da gefen kunne. A nan magana ba ta taɓuwa da wuri. Abin da ke tafiya shi ne kunya da kara da tausayi, waɗanda su ne ginshiƙan mutumin kirki a idon Bahaushe. Dattijon da aka sani da kamun kai sai ya fara sakin baki gaban surukai, ya ɗauki kayan mutane a kasuwa ba tare da ya biya ba, ya zauna wurin makoki yana raha. Wani kan kasa gane fuskar maƙwabcinsa sai ya ji muryarsa. Wani kuma yakan naci abinci iri ɗaya ko wata ɗabi'a da yake maimaitawa kullum. Irin wannan cuta ta goshi da gefen kunne takan fara tun tsakanin shekara 45 zuwa 65, lokacin da mutum ke riƙe da ragamar gida.

Bugu da ƙari, rashin sanin cewa ba a da lafiya, wanda Joseph Babinski ya raɗa wa suna a 1914, ya fi zuwa tare da lahanin ɓangaren dama. Mai larurar zai rantse lafiyarsa lau, kuma da yake bakinsa na nan, zai iya kare kansa gaban kowa. Saboda haka ba a cika kai shi asibiti ba. Akan ce halinsa ne ya ɓaci, ko an yi masa sammu, zargi ya faɗa kan kishiya ko ɗan'uwa. Idan mace ce tsohuwa, wani lokaci har a jefe ta da maita.

Ƙasar Bici na cikin yankin da ya fi cunkoson manoma a kewayen Kano. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar na da mutum fiye da 277,000, gonaki kuwa ƙanana ne, gado ya yayyanka su. A irin wannan wuri, maigidan da ya rasa ma'aunin tunani amma bai rasa baki ba yana iya sayar da gonar gandu a zama ɗaya, ko ya furta saki, shaidu kuma su ce lafiyarsa ƙalau domin sun ji maganarsa daidai. Ke nan wanda ya kamata a saurara an yi watsi da shi, wanda ya kamata a tsare kuma an sakar masa ragama.

3.8 Cutar Alzheimer

Wannan ita ce ta fi yawa cikin cututtukan mantuwa, domin ita ke da kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Alois Alzheimer ya bayyana ta a Jamus a 1906. Takan fara ne daga ma'ajiyar sabon tunani da ke can cikin gefen kunne, wadda ake da ita a kowane ɓangare. Ta hagu ta fi riƙe abin da aka ji da kalmomi, kamar saƙo da suna. Ta dama kuwa ta fi riƙe wuri da hanya. Don haka wani tsoho saƙo yake fara mantawa, wani kuwa ɓata yake yi tsakanin masallaci da gida. Cutar takan kama ɓangarorin biyu, amma nazarin hotunan ƙwaƙwalwa da dama ya nuna hagu kan ɗan riga dama tsotsewa.

A Nijeriya, binciken haɗin gwiwa tsakanin Ibadan da Indianapolis ya ba da rahoto a 1995 cewa kashi 2.29 na tsofaffin Ibadan masu shekara 65 zuwa sama na da cutar mantuwa, a yayin da aka sami kashi 8.24 a tsakanin baƙaƙen fatar Indianapolis. Wani nazari da aka yi a Zariya aka wallafa a 2011 ya sami kusan kashi 3. Wannan ya nuna cewa mafi yawan tsofaffi ba sa ruɗewa. Ruɗewa cuta ce, ba tsufa ba ce kawai.

3.9 Abin da Wannan ke Nufi ga Iyali da Ma'aikatan Lafiya

Tambayoyi uku na iya taimaka wa ma'aikacin lafiya a Babban Asibitin Bici ko a ƙaramin asibitin ƙauye, tun kafin a kai ga na'ura. Na farko, farat ɗaya abin ya zo ko a hankali? Idan farat ɗaya ne, gaggawa ake bukata. Na biyu, wane gefen jiki ne ya fara? Na uku, me ya fara sauyawa: magana, ko hali, ko tunawa, ko motsi? Amsar waɗannan ita za ta nuna ko a tura majinyaci ga likitocin jijiya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ko ga likitocin taɓin hankali a Dawanau, wadda ke kan hanyar Bici zuwa Kano.

Ta fuskar kulawa a gida, wanda hagu ta taɓu yana bukatar a yi masa gajeriyar magana, a ba shi lokaci, a yi masa tambayar da zai amsa da "i" ko "a'a" ko da nuni, kuma kada a cire shi daga shawara. Wanda dama ta taɓu kuwa gardama da shi ba ta da amfani. Abin da yake bukata shi ne a sa ido a kan kuɗi da takardun gona da abin hawa, a kuma sanar da dangi da maƙwabta cewa ciwo ne ba iskanci ba. Addu'a da neman magani ba sa karo da juna.

3.10 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa ƙwaƙwalwa na da ɓangarori biyu masu aiki tare, amma kowanne da inda ya fi ƙwarewa: hagu ga kalma da jimla, dama ga fuska da wuri da yanayin zuciya. An kuma ga cewa cututtukan da ke cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali sukan fara daga gefe ɗaya, kuma wannan gefe shi ke sa a kira larurar makyarkyata, ko ɗaukewar baki, ko ɓacin hali, ko gigin tsufa. Babban darasin shi ne kada a auna hankalin tsoho da bakinsa kaɗai, domin yin haka na iya jawo a tauye haƙƙin mai hankali, a kuma bar dukiyar iyali a hannun wanda ciwo ya ci ƙarfinsa. A babi na gaba za a dubi hanyoyin da iyalai ke bi wajen neman magani, tun daga kan malamai da masu maganin gargajiya har zuwa asibiti.